Fasfon batir a Turai: Daga bakin rami gaskiyar lambar QR za ta faro

Daga ranar 18 ga Fabrairun 2027, duk batirin motar lantarki da zai shiga kasuwar Tarayyar Turai dole ne ya ɗauki lambar QR mai buɗe "fasfonsa", wato bayanin wanda ya ƙera shi, da ma'adinan da ke cikinsa, da yadda za a sake sarrafa shi. Dokar batura ta 2023 ce ta tanadi hakan.

A masana'anta aka haifi wannan lamba. Injiniya Masahiro Hara na kamfanin Denso da ke Japan ne ya jagoranci ƙirƙiro ta a 1994 domin bin sawun sassan motoci, saboda tsohuwar lamba mai layi-layi haruffa kusan 20 kawai take ɗauka. QR kuwa tana ɗaukar alƙaluma har 7,089. A masana'antun zamani, na'ura ce ke karanta alamar kowane sashe a kowane mataki ta aika wa kwamfuta, ta yadda idan aibi ya bayyana za a gano inda ya samo asali.

Sai dai na'ura abin da aka shigar mata take maimaitawa. Fiye da rabin ma'adinin kobalt na duniya, wanda ake sa wa a yawancin ire-iren waɗannan batura, daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa. Wani kaso nasa masu haƙa da hannu ne ke tono shi, kuma yakan gauraya a hannun dillalai kafin a rubuta komai.

Idan ba a binciki wannan mataki ba, fasfon zai zama takardar wanke kamfanoni. Idan kuma aka tsaurara ba tare da yi wa ƙananan mahaƙa rajista ba, su za a fara kora daga kasuwa.