Sangaya da rumbun gero a Alakoss

Fim ɗin Sangaya na 1999, wanda Ali Nuhu ya fito a yarima mai son baiwar gidansu, tatsuniya ce mai daɗi, amma bai warware gardamar auren so da auren kuɗi ba. Yarinyar ta samu masoyi, ta samu fada, ba a taɓa sa ta zaɓi ɗaya ba. A Alakoss ta jihar Damagaram, inda damina gajeriya ce, kuma fari kan cinye gero da bisashe, zaɓin na gaske ne. Uban da ya tambayi manemin 'yarsa gonarsa da rumbunsa ba kwaɗayi yake yi ba, domin ciyarwa farilla ce a kan miji. Za a ce da wannan hujja ake miƙa ƙananan yara ga masu hali. Ƙorafin na da nauyi, tunda kusan uku cikin huɗu na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Sai dai laifin yana wurin tauye yardar yarinya, wadda Musulunci ya ce a nema. Uba ya binciki rumbu, sannan ya saurari amsar 'yarsa, ko da ta ƙi attajiri.