Baƙin Mai Ba Maganin Kare Ba Ne

Jama'ar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ga wata magana game da karnukanmu. Kare shi ne mai gadin gida da dare, shi ke bin makiyayi daji, shi ke korar biri daga gona. Amma ran da ya fara susa, gashinsa ya zube, sai ka ga an kama shi an shafe shi da baƙin mai na mota, ko an yayyafa masa maganin feshin gona. Wannan al'ada ya kamata mu bar ta, don ba ta warkad da kare, kuma ta kan jawo wa gida masifa.

Da farko sai mu san abin da ke sa kare susa. Sau da yawa ƙuma ce. In ta ciji kare ta kan zuba masa yawunta a cikin fata. Akwai karen da jininsa ba ya shiri da wannan yawu, kamar yadda wani mutum ya kan ci wani abu borin jini ya taso masa. Irin wannan kare cizo ɗaya ya isa ya hana shi sakat kwana da kwanaki. Za ka ga yana gatsar gindin wutsiyarsa da bayan cinyoyinsa har su yi ja, su yi ƙuraje. Wani karen kuma ƙura ce ko ciyawa ko wani abinci ke tayar masa. Wannan irin ƙaiƙayi ba a ɗaukarsa.

Amma akwai biyu da a ke ɗauka. Ɗaya ƙazuwa, wadda wani ɗan ƙwaro da ido ba ya gani ke haƙa rami cikin fata. Ta fi kama bakin kunne da gwiwar ƙafa da ciki, kuma mai yawan taɓa karen ya kan sami ƙuraje a hannu. Na biyu makero, mai zub da gashi a kewaye kamar kwabo, wanda ya kan koma kan yara. To, ciwo uku ke nan masu kama da juna, ko wane da maganinsa. Yaya za a yi baƙin mai ɗaya ya warkad da su duka?

Wani zai ce ai ya shafa, ya ga susa ta ragu. Gaskiya ne man ya kan kashe 'yan ƙwarin da ya taras. Amma kare da harshe ya ke wanke jikinsa, duk abin da ka shafa masa cikinsa za shi. Man ya kan ƙona fatar da ta riga ta yi rauni, ya sa shi amai da zawo. Maganin feshi kuwa ya fi muni: kare ya yi ta dalala da makyarkyata, wani ma ya mutu, yaron da ya rungume shi kuma ya kwashi rabonsa. Ku tuna da Gammalin da aka daɗe ana amfani da shi. A 2009 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a daina sa gubar da ke cikinsa a gona saboda illarta. Abin da aka hana wa gona, ina dalilin zuba shi a jikin dabbar da ke kwana a ƙofar ɗakinka? Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Abin da ya fi shi ne a yaƙi ƙuma inda ta ke. Macen ƙuma ta kan yi ƙwai har 40 ko 50 a rana, ƙwan kuwa ƙasa ya ke faɗuwa. Waɗanda ka gani a jikin kare kaɗan ne, mafi yawa suna cikin ƙura da tsumma da gindin rumbu suna jiran ƙyanƙyashewa. Suna son damshi, mu kuwa nan kudu, musamman wajen dajin Falgore, mun fi sauran ƙasar Kano samun ruwan sama. Wanda ya wanke kare ya bar makwancinsa, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Ga abin yi:

1. A share makwancin kare kullum, a ƙone sharar da tsofaffin buhunan da ya ke kwanciya a kai.
2. A kwarara tafasasshen ruwa a wurin, a bari rana ta busad da shi.
3. A yi masa wanka da sabulu marar zafi, a ɗauraye sarai.
4. A kai shi wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya duba. Shi zai ba da maganin ƙuma, ko ya yi allurar ƙazuwa, ya faɗi ranar komawa.
5. In akwai wasu karnuka ko kyanwa a gidan, a yi musu magani tare.
6. Kada a ba kare ƙwayar ciwon kai ko ta ciwon jiki ta mutane, tana iya kashe shi.
7. Kowa ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Yaron da ya fito da ƙuraje a kai shi asibiti.

A daure da sharar nan har wata uku, gama 'ya'yan ƙuma su kan daɗe a ɓoye kafin su fito.

Kada kuma a kore shi don ya yi muni. Karen da aka kora yawo zai shiga, ya watsa ƙazuwa, ya yi faɗa da karnukan da ba su da ubangida, ya komo da ciwon hauka, wanda in ya bayyana a jikin mutum ba ya jin magani. Saboda haka ran da ka kai shi duba fata, ka sa a yi masa allurar rigakafin hauka, irin wadda a ke yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a kuma riƙa sabuntawa ko wace shekara.

Mai gida, ka ja kunnen samarin gidanka, don galibi su ke riƙe da karnukan. Galan ɗin baƙin mai a bar shi a gareji, kwalbar feshi a ɗaga ta inda hannun yaro ba ya kai.