Salula ta cika: mu kai kaya sito, amma makulli ya tsaya hannunmu

Ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata, wa ke cikinmu da salularsa ba ta taɓa cewa wuri ya ƙare ba? Daga babbar kasuwar Maraɗi har kasuwar Dole ta Damagaram, rabin cinikinmu yau cikin WhatsApp yake: hotunan atamfa da shadda daga Kwatano da Dubai, takardar shaidar kuɗin da aka aika, da muryar wanda muke bi bashi yana alkawarin ranar biya. In salula ta cika sai mu hau sharewa da gaggawa, har da shaidar da za ta fid da mu gobe.

Alhali kuwa akwai mafita. Ana ce mata ajiyar girgije, amma ba a sama take ba. Manyan injuna ne na kamfanoni a ƙasashen waje, tamkar siton da muke kai kaya in shago ya cika. Duk mai adireshin Gmail yana da jiga 15 kyauta wajen Google, mai iPhone kuma jiga 5 a iCloud. In an kunna ajiya cikin Google Photos, hotuna za su hau can, kuma akwai wurin da ake taɓawa ya kwashe daga salula waɗanda suka riga suka hau kaɗai. Masu kwamfuta a shago, OneDrive da Google Drive na iya barin sunan takarda kawai, sai an buɗe ta sannan ta sauko.

Mu dai muna ganin ya kamata mu yi, amma ban da cinikin biri a sama.

Na farko, wannan ajiya kamar madubi take. Wanda ya shiga Google Photos ya share hoto da hannunsa, ya share shi nan da can. A Google Drive, abin da aka jefa kwandon shara kwana 30 yake yi ya ɓace.

Na biyu, kayan da ke sito sai da hanya ake ɗauko su. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama har da Nijar suka ji a jikinsu. Ko ba haka ba, wanda ke cin kasuwar ƙauye ya san halin rezo. Saboda haka lissafin bashi da takardun duwan su zauna cikin salula, da kuma cikin kaye. Tsofaffin hotuna da bidiyon biki su ne na sito.

Na uku, kayan aro ba ya rufe katara. Tun 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android tana cin cikin jiga 15 ɗin nan, in ta cika sai an rage kaya ko a biya kuɗi. Kuma adireshin da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, Google na iya rufe shi.

Babbar magana ita ce makulli. Da yawa cikinmu yaron da ya sayar muna da salula ne ya buɗe adireshin, shi kaɗai ya san lambar sirri. Wace ƴar kasuwa ke barin makullin sitonta wajen ɗan dako? Mu karɓi lambarmu yau, mu canza ta, mu rubuta mu ɓoye gida. Salula na faɗuwa, ana sace ta. Mai makulli kaɗai zai iske kayansa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.