Wutar Lantarki: Idan Kowa Ya Sa Sola A Gidansa, Wa Zai Yi Wa Talaka Magana?

A watan Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewacin Najeriya suka shafe sama da mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara suka rufe shaguna, masu walda da masu injin niƙa suka zauna hannu rabbana, asibitoci kuwa suka koma ƙona man dizal ba dare ba rana. Dalilin da hukumomi suka bayar shi ne an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro kuma ya hana ma'aikata shiga daji su gyara, sannan ɗaya layin da ke biyowa daga Enugu ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya samu matsala. Ashe rayuwar miliyoyin jama'a a kan layuka biyu kacal take rataye.

Duk wanda ya dubi taswira ba zai yi mamaki ba. Kaso mafi tsoka na wutar ƙasar nan daga tashoshi masu amfani da iskar gas yake fitowa, su kuwa galibinsu a Kudu suke. Manyan madatsun ruwanmu, wato Kainji da aka buɗe a 1968, da Jebba a 1985, da Shiroro a 1990, da kuma Zungeru na baya-bayan nan, duk suna nesa da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Mu ne a ƙarshen waya, kuma wanda ke ƙarshen waya shi ne farkon shiga duhu. Mutanen Maiduguri sun ɗanɗana wannan tun a 2021, lokacin da mayaƙa suka tarwatsa turakun layin Damaturu, birnin ya daɗe ba wuta, har sai da aka gina masa tashar gas mai megawat 50 a 2023. Maƙwabtanmu na Nijar ma, waɗanda suka dogara da Najeriya a mafi yawan wutarsu, sun gane kurensu a Agustan 2023 da aka katse musu layi bayan juyin mulki.

Ba sai na gajiyar da mai karatu da tarihin sauye-sauyen suna ba. NEPA ta koma PHCN a 2005, a 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta, amma har yau idan aka ɗauke wuta NEPA yara ke kira. Tashoshinmu, a kan takarda, za su iya samar da kusan megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a fiye da miliyan 200 bai cika wuce 4,000 zuwa 5,000 ba. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati kwata-kwata. Wanda ya san yadda masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano suke a da, ya san abin da rashin wuta ya taimaka wajen kashewa.

Abin takaicin shi ne, rana da muke kuka da zafinta a watan Afrilu ita ce dukiyar da wasu ƙasashe masu tasowa irin tamu suka mayar da ita wuta. Tsakanin 2010 da 2023 kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a duniya. Maroko ta gina tashar Noor a bakin sahara mai megawat 580. Masar ta gina ta Benban kusa da Aswan, wadda ta haura megawat 1,500. Mu fa? A 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni 14 domin su gina tashoshin sola na sama da megawat 1,000, akasarinsu a Arewa. Aka yi ta jayayya a kan farashi da kuma wanda zai tsaya musu idan ba a biya su ba, har maganar ta bi ruwa. Tashar sola ta Kumbotso a Kano da aka buɗe a 2023 megawat 10 ce. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, ita ma mai megawat 10, ta ci shekara da shekaru kafin ta kai ga komai. A ganina dalilin bai wuce ɗaya ba: mai kuɗi ba ya zuba jarinsa a kasuwar da ake shan wuta ba mita, kamfanin rarrabawa bai iya tara kuɗinsa, ma'aikatun gwamnati kuma su ne kan gaba a cin bashi.

Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi kusa da mu, mu da muke karanta irin wannan shafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin mutane da dama. Da aka zo Afrilun 2024 kuma aka ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, sai duk mai ɗan hali ya nemi wa kansa mafita. A zagaya unguwannin masu hannu da shuni a Kano ko Kaduna ko Abuja, a ɗaga kai a dubi rufin gidaje. Likita ya sa farantan sola, lauya ya sa, babban sakatare ya sa, malamin jami'a ma ya ci bashi ya sa. Hatta fadar shugaban ƙasa an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 domin a sa mata sola. Ban ga laifin kowa ba, domin ba a hana mutum neman sauƙi wa iyalinsa. Amma ina ganin hatsari a ciki.

Pakistan ta riga mu shiga wannan hali. A 2024 kaɗai ta shigo da farantan sola da ƙarfinsu ya kai kimanin megawat 17,000, kuma mafi yawansu ɗaiɗaikun mutane da masana'antu da manoma ne suka saya domin gudun tsadar wutar gwamnati. Abin sha'awa ne, amma kuɗin kula da layuka da biyan bashin tashoshi bai ragu ba, sai ya koma kan waɗanda suka rage, wato marasa ƙarfin sayen faranti da batir. Haka zai faru a nan. Duk lokacin da mai biyan kuɗi a kan kari ya fice, kamfanin rarrabawa zai ƙara talaucewa, taransifomar unguwar talakawa idan ta ƙone za ta ƙara daɗewa ba a sauya ta ba. Bugu da ƙari, mutanen da ke da bakin yin magana a ji, masu rubutu a jarida da masu lambar wayar kwamishina, su ne suka daina sanin an kawo wuta ko an ɗauke. Mun ga yadda aka yi da makarantun gwamnati bayan da manya suka kwashe 'ya'yansu, mun ga yadda aka yi da ruwan famfo bayan da kowa ya haƙa rijiyar burtsatse. Hausawa dai na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To ruwan da muka shafa bai kashe wutar ba.

Wani hanzari ba gudu ba, yanzu gwamnoninmu ba su da uzurin cewa wuta ta tarayya ce. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki da aka sa wa hannu a Yunin wannan shekarar sun ba jihohi ikon samar da wuta, da rarraba ta, da ba da lasisi a cikin iyakokinsu. Enugu da Ekiti da Ondo suka riga kowa karɓar ragamar a 2024. Abin da nake tsoro shi ne a fassara wannan dama da kwangilar fitilun titi, waɗanda ake ƙaddamarwa da kiɗa, bayan shekara guda batiransu su mutu ko a sace.

Inda sola ta fi riba shi ne aikin rana tsaka, domin batir ne ya fi komai tsada, aikin rana kuwa bai buƙatarsa sosai. Kasuwa da rana take ci. Tela da mai walda da mai injin casar shinkafa da rana suke aiki. Manomin rani a Kadawa ko Bakolori da rana yake ban ruwa, kuma fetur ɗin injinsa ne ke cinye ribar tumatir. An gwada irin wannan a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2018, Jami'ar Bayero ma ta samu tashar megawat 7 a 2019. Kamata ya yi a je a duba abin da ya yi aiki da abin da ya lalace, a faɗa wa jama'a gaskiya, kafin a ba da wata sabuwar kwangila. Talaka kuwa ba kyauta yake nema ba. Bangaladash ta sa ƙananan na'urorin sola a gidaje sama da miliyan huɗu a karkara, ta hanyar biya kaɗan-kaɗan. Mai shagon da ke sayen fetur kullum zai iya biyan haka, muddin akwai bankin da zai yarda da shi. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin ƙananan tashoshin sola a Najeriya, kuma jihar da ta tanadi fili da doka da tsaro ita kamfanoni za su nufa.

Ba ina cewa rana za ta wadatar da komai ba. Tana faɗuwa, ƙurar hunturu na rufe faranti ta rage masa ƙarfi, babbar masana'anta kuma tana buƙatar wutar da ba ta yankewa dare da rana. Saboda haka ba za mu daina tambayar bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka fara a 2020 ba, balle Mambila mai megawat 3,050 da muke jin labarinta tun muna yara. Akwai kuma jabun farantai da suka cika kasuwa, da matattun batura masu dalma da yara ke fasawa a bola, da ƙarancin ƙwararrun masu haɗawa, alhali kwalejojin fasaharmu na nan suna yaye ɗalibai ba aiki.

Idan gwamnan jiharka ya gabatar da kasafin baɗi, ya kai mai karatu, ka nemi shafin makamashi ka duba. Nawa aka ware wa fitilun titi, nawa aka ware wa ɗakunan haihuwa na asibitocin karkara da gonakin rani? An kafa hukumar kula da lantarki ta jiha, ko kuwa dokar na kwance a majalisa? Sannan nawa ne bashin wutar da ake bin ma'aikatun jihar?