Ƙaiƙayin Matsematsi: Kunya da Man Tebur Ne Ke Mai da Shi Babban Ciwo



Maganar yau irin wadda ake yi ƙasa-ƙasa ce, in ma an yi ta. Manya ku yi mini afuwa, ciwo ne bai san kunya ba.

Kwanakin baya a tashar Takeita wani abokina ɗan kabu-kabu ya ja ni gefe, ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya ce: "Malam, don Allah ka san wani mai mai ƙarfi? Wata takwas ke nan matsematsina na ƙaiƙayi. In na shafa man da nake saye wajen mai tebur, kwana biyu sai ya lafa. In na bari, sati guda ya dawo ya fi da." Ya ce abin ya fara kamar kwabo a cinya ɗaya, yanzu ya haye ɗuwawu ya taso mara, wurin ya yi baƙi ƙirin, har wata irin nankarwa ta fito. Abin da ya fi damunsa, matarsa ma ta kamu, kuma kowa na zargin ɗan uwansa da kawo shi gida.

Na ce, "Ka je likita?" Ya ce, "Haba malam! In tuɓe wando gaban yarinyar da na girme ta?"

Wannan amsar ce ta sa na rubuta wannan. Ra'ayina shi ne, ƙaiƙayin matsematsi da na hammata da na ƙarƙashin mama ƙaramin ciwo ne mai sauƙin magani. Mu ne ke mai da shi babba, da kunyarmu da kuma man da muke saye a ɓoye.

Mu fara da sanin abin. Galibi wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, 'yar uwar wadda ke kawo makero da ƙora a kan yara. Ma'aikatan likita na ce mata mikoz. Abin da take so uku ne: zafi, laima, da wurin da iska ba ta shiga. To ina ya fi matsematsin mutumin da ya wuni kan sirdin moto cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40? Ko na manomin da ya wuni duƙe cikin marka da wando jiƙe da zufa? Ko ƙarƙashin maman matar da ta wuni bakin murhu da goyo a baya? Alamarta ita ce wurin na faɗaɗa a hankali, bakinsa ya ɗan tashi yana ɓarewa kamar gari, tsakiya ya fi lafawa. Ana ɗaukarta ta haɗuwar fata da fata, ta tawul, ta soso, ta zanen gado, ta wandon aro. 'Yan kokowa na ɗauka, almajirai da 'yan makarantar kwana na ɗauka. Mutum ma kan ɗauko ta daga tsakanin yatsun ƙafarsa ya kai ta sama da hannunsa ko da wandonsa. Don haka maigida da uwargida, a ajiye zargi. Wannan ciwon ba shaidar neman maza ko neman mata ba ne. Tawul guda ya isa.

Sai man da abokina ke shafawa. Da yawa cikin waɗannan mayukan da ake talla a kasuwanninmu, masu zuwa ta hanyar Kano, Daura, Dan Barto da Matamaye, gauraye ne: ɗan maganin funfuna, ɗan maganin wasu ƙwayoyin, sai wani sinadari mai ƙarfi da ake kira kortikoyid. Ku juya kwalin ku duba ƙananan rubutun. In kun ga Clobetasol, Betamethasone ko Dexamethasone, to shi ne. Aikin kortikoyid shi ne kwantar da garkuwar fata. Ƙaiƙayi da jan da kake gani ai faɗa ne jikinka ke yi da cutar. In ka shafa wannan man, ka ɗaure hannun mai gadinka ne, ihu ya tsaya, ɓarawo kuma ya ci gaba da kwasa. Shi ya sa kwana biyu za ka ji sakayau, bayan sati abin ya dawo ya ninka.

Kuma fatar matsematsi da ta hammata siririya ce, tana shan mai fiye da ta hannu ko ƙafa. In aka daɗe ana shafa kortikoyid mai ƙarfi, fatar na ƙara sirancewa, ta riƙa tsagewa, nankarwa ta fito, ita kuwa nankarwar ba ta gogewa gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta waɗannan tsagun wasu ƙwayoyin ke shiga su kawo maruru da gyambo. Ga shi man na ɓad da kamannin ciwon, ranar da ka je likita ma sai an sha wuya kafin a gane shi.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A Indiya, inda irin waɗannan mayukan gauraye suka cika shaguna shekara da shekaru, likitocin fata sun wayi gari da makeron da ba ya jin maganin da aka saba. A 2020 masana suka ba wannan ƙwayar suna nata na kanta, Trichophyton indotineae, a 2023 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin ganinta a birnin New York. Ƙasar da ta fi mu likitoci da kuɗi ta sha wuya da wannan. Mu da ke da majo ɗaya ga ƙauyuka da yawa, in irin wannan ta yi jijiya a cikinmu, ina za mu sa kanmu?

Yanzu maganar baƙin, wadda ta fi damun mata, musamman 'yan mata masu shirin aure. Duk wurin da fatar baƙin mutum ta daɗe tana kumburi ko ana susarta, sai ta ƙara duhu. Haka halittarmu take, kamar yadda tabon ƙurji ke yin baƙi a fuska. Gugar cinya da cinya ma na sa haka. Wannan baƙin ba dauɗa ba ne, soso ba ya fid da shi, dirza ma ƙara shi take yi. In an kashe cutar aka daina susa, yana washewa da kansa, amma a hankali, cikin watanni. Masu gaggawa su ne ke faɗawa hannun masu haɗa man bilicin, wanda shi ma sau da yawa kortikoyid ɗin nan ne a ciki, ko hidrokinon, wani lokaci har da zaiba. An gudu gara an tadda zago. Ba banza ba Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayukan a 2015, Ruwanda ta bi sahu a 2018, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Haka su lemun tsami, tafarnuwa, toka, kanwa, jabel, kananzir da man birki da wasu ke gogawa. Zafin da suke yi ƙuna ce, ba alamar magani na aiki ba, ƙunar kuwa baƙi take bari wanda ya fi na farko.

Wani zai ce, to ai ka faɗi ciwon, faɗi maganin mu saya mu huta. Matsalar ita ce ba kowane ƙaiƙayi ne makero ba. Akwai wanda ke yin ja, ya jiƙe, ya tsage cikin ninkin fata, wani dangin funfunar ne daban, kuma yana yawan damun masu ƙiba da masu ciwon suga. Akwai wanda ke yin ruwan ƙasa-ƙasa ba ya ƙaiƙayi sosai, shi bakteriya ce ke kawo shi, maganinsa daban. Akwai ƙazuwa, mai tashi da dare ta hana barci, wadda sai an yi wa gida gaba ɗaya magani rana guda. Akwai kwarkwatar gashin mara. Sannan akwai wani baƙi mai kauri, mai laushi kamar karan-miski, da ke fitowa a ƙeya da hammata da matsematsi. Shi wannan sau da yawa saƙo ne jiki ke aikowa cewa suga na neman yin yawa a jini. Mai shafa masa bilicin kamar wanda aka buga wa ƙofa ne ana ce masa gobara, shi kuma ya toshe kunne. Mai tebur ba zai bambance maka waɗannan ba, kwali guda zai miƙa wa kowa.

In ma'aikacin likita ya duba ya ce mikoz ne, maganin ba boyayye ba ne. Mai ne zalla marar gauraye, irin su Clotrimazole, Miconazole ko Ketoconazole, ana shafawa yadda ya umarta, galibi safe da yamma, sati 2 zuwa 4. A wanke wurin, a tsane shi sarai, a shafa har a ɗan wuce bakin ciwon. Babban kuskure shi ne tsayawa ranar da ƙaiƙayi ya tafi. A ci gaba har wa'adin ya cika. In ciwon ya yaɗu sosai, akan haɗa da na sha, amma wannan sai da takardar likita, don akwai wanda bai dace da mai ciki ba, akwai mai wahal da hanta. Wanda kuma ya daɗe yana shafa kortikoyid ya sani, kwanakin farko bayan ya bari abin zai yi kamar ya ƙaru. A nan ne mutane ke karaya su koma gidan jiya. A daure, yana wucewa.

Sauran aikin na gida ne. Kowa da tawul ɗinsa da sosonsa. Kamfai na auduga mai sakewa ya fi na roba mai matsewa, a canza shi kullum. A shanya shi a rana sosai, ba a saƙale shi bayan ƙofa don kunya ba, in da hali a goge shi da dutsen guga. Kayan ciki na gwanjo a wanke su da ruwan zafi kafin a sa. In tsakanin yatsun ƙafa na ɓarewa, a yi masa magani tare. In mutum biyu suka kamu a gida, a yi musu lokaci guda, in ba haka ba za su yi ta miƙa wa juna.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Wanka sau biyu a rana magana ce mai sauƙi ga mai famfo a tsakar gida. A ƙasar da cikin bazara mata ke asubanci zuwa rijiya, a birnin Damagaram kansa ake jiran mai garuwa, ruwan sha ake lissafi kafin na wanka. Mai tebur kuma yana bakin hanya, ba ya cewa ka tuɓe, wani lokaci har bashi yake bayarwa, alhali zuwa CSI na cin kuɗin moto da wuni guda na aiki. Duk na yarda. Amma buta guda ta isa a wanke ninkin jiki da yamma a tsane. Kuma ku lissafa kwalayen da abokina ya saya cikin wata takwas, ku haɗa da barcin da ya rasa da fitinar gidansa. Araha ba ta ado.

Kunyar kuwa ba a kan marar lafiya kaɗai nauyinta yake ba. Ina roƙon ma'aikatan CSI da na kaz a Garagumsa, da maƙwabtanmu na Tirmini da Dakusa: a samu labule ko ƙofar da ke rufuwa, a rage murya, kada a tambayi dattijo "ina ne ke maka ƙaiƙayi?" gaban layi. Inda akwai mace da namiji a bakin aiki, a bar mutum ya zaɓi wanda zai duba shi. Kuma abin da aka gani a ɗaki ya tsaya a ɗaki, don labari guda in ya fita, ƙauye guda zai daina zuwa. Unguwarzoma da masu awon ciki su riƙa tambayar mata da kansu, don da yawa ba za su fara faɗa ba. Masu gidajen rediyo su ware wa wannan magana lokaci kamar yadda suke ware wa masassara da tamowa. Hukumomin lafiya kuma su leƙa teburan nan na kasuwa. Maganin da ya kamata sai da takardar likita bai dace a jera shi kusa da alawa da ashana ba.

Iyaye mata da gwaggwanni masu gyaran amarya, ku ma da ku nake. Yarinyar da aka ce mata mijinta zai raina ta don cinyarta ta yi duhu, ita ce za ta je ta sayo abin da zai ɓata mata fata har tsufa. Ninkin jikin kowa ya fi sauran jikinsa duhu, maza da mata. Samari su ma su ji wannan da kyau.

Abokina dai daga baya ya je, ya jira har layi ya ragu, namiji ne ma ya duba shi. Aka ba shi na shafawa da na sha, matarsa ma aka duba ta aka ba ta nata, aka ce ya jefar da na teburin. Ya ce satin farko kamar ya yi kuka, ana cikin na uku ya fara barci har asuba. Baƙin na nan yana washewa kaɗan-kaɗan, nankarwar kuwa ta zauna. Da muka haɗu ya ce, "Malam, minti biyar ne fa duk abin da na yi wata takwas ina gudu."

In kana da irin wannan, ko kina da shi, yau ɗin nan a juya kwalin a karanta abin da ke ciki, gobe a tafi likita da shi a hannu a nuna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.