An Sayar da Kare, An Sayi Biri

Tun da Chuck Hull na Amurka ya sami haƙƙin mallakar fasaharsa a shekarar 1986, na'urar ɗab'i ta 3D mai aiki da haske ta sami gindin zama a ɗakunan likitocin haƙori da masana'antun na'urar taimaka wa kurame. Aikinta shi ne ta haska ruwan danƙo, ya riƙa daskarewa zubi bayan zubi har siffar da ake so ta fito. Galibin danƙon nan daga ɗanyen man fetur ake sarrafa shi. Yanzu 'yan kasuwa sun kawo wanda aka haɗa da man waken soya, sun liƙa masa koren tambari, wai an huta da gurɓata muhalli. Ni dai ban yarda ba.

Hujjata tana cikin abin da hasken ke yi wa danƙon. Robar gorar ruwa kamar man shanu take, in ta ji zafi ta narke, a sake zuba ta. Shi kuwa danƙon da haske ya taɓa, ƙwayoyin sinadarinsa kan sarƙe da juna kamar dafaffen ƙwai, wanda ba ya komawa ɗanye. Man waken soyar ma sai an ɗaura masa sinadarin akirilet kafin haske ya iya daskarar da shi, kuma sarƙewar tasa iri ɗaya ce da ta ɗan fetur. Makomarsu bola ko wuta. To, me aka sauya in ban da sunan iyaye?

Za a ce ai ko ba komai an rage dogaro da fetur. Gaskiya ne, an rage. Amma gonar da ta ciyar da wannan danƙo tana iya ciyar da mutane, kuma sharar tana nan daram.

Ba wanda zai fake da cewa babu mafita. A shekarar 2024 masana a Jami'ar Bamingam ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa Andrew Dove, sun wallafa bincike a mujallar Nature kan danƙon da suka haɗa da sinadarin lifoyik asid, wanda jikin ɗan Adam ma yana samar da shi. Yana da ƙwayoyin farar wuta guda biyu da ke ƙulluwa kuma su kwance. Sun buga siffa, suka warware ta ta koma ruwan danƙo, suka sake bugawa da shi. Aikin yana ɗakin gwaji tukuna, amma ya nuna ma'aunin da ya kamata a riƙe.

Don haka ina kira ga hukumomin tantance ingancin kaya da su hana kiran danƙo mai kare muhalli, sai mai shi ya nuna yadda ake mayar da shi ruwa a sake bugawa. Likitan haƙori da injiniya kuma, kafin su biya kuɗi, su tambayi ɗan kasuwa inda kayan zai kwana bayan an gama da shi.