WA YA BIYA KUƊIN BINCIKEN?

Ran Asabar Inna ta aike ni cefane kasuwar Sabon Tasha. A bakin titi na tarar da wani mai lasifika yana tallar wani garin sha mai zaƙi, wai masana sun yi bincike sun gano yana ƙara wa yara ƙarfi da basira. Mata sai saye su ke yi. Ni ma na saya wa ƙanena da ragowar canji. Da na isa gida Baba ya jujjuya ledar, ya ce, "Su wane ne masanan, wa kuma ya biya su?" Na yi tsuru-tsuru.

Jama'a, tambayar Baba tana kan hanya. A 1965 ƙungiyar masu sana'ar sukari ta Amurka ta ɗauki nauyin wani nazari na masanan Jami'ar Harvard, ta biya dala 6,500. Rahoton ya fito a 1967 a wata babbar mujallar likitoci. Ya sassauta laifin sukari wajen ciwon zuciya, ya ɗora nauyin kan kitse, bai kuwa faɗi wanda ya biya ba. Sai a 2016 wasu masana na Jami'ar Kaliforniya suka tono tsofaffin wasiƙu, asiri ya tonu. Gaskiyar Bahaushe, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wani zai ce bincike yana cin kuɗi, in kamfanoni ba su bayar ba wa zai bayar? Haka ne, kuma ba kowane masani kuɗi ke juyawa ba. Amma a gaya mana wanda ya biya, mu auna da kanmu. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallar madarar jarirai, wadda ta ce kamfani ya bayyana duk gudummawar bincike da ya ba ma'aikacin lafiya. Nijeriya ma ta yi dokarta kan tallar wannan madara a 1990. A ganina ya kamata a yi haka kan kowane abinci da abin sha.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, kada kalmar "masana sun ce" ta sa su raina kunun gyada, wake da zogale. Mu kuma 'yan makaranta, tun da mu ke karanta wa gida rubutun jikin gwangwani, mu riƙa yin tambayar Baba kafin a kashe kuɗin cefane.